Matambayi Ba Ya Ɓata: Na'urar Tikiti da Mutanen Waziriyya

Waziriyya unguwa ce a kudancin birnin Jidda, a ƙasar Saudiyya. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa sun san ta saboda filin wasa na Yarima Abdullahi Alfaisal, wanda aka buɗe a shekarar 1970, inda ƙungiyoyin Ittihad da Ahli suka daɗe suna karawa kafin a buɗe sabon babban fili a arewacin birnin a 2014. Kamar sauran unguwannin kudancin Jidda, mazaunanta haɗin gambiza ne: akwai 'yan ƙasa, akwai kuma baƙi daga Yaman da Pakistan da Bangaladash da ƙasashen Afirka, waɗanda neman abinci ko aikin ibada ya kawo.

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan yanki na Hijaz. Tun kafin a san mota, alhazai kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato a ƙafa ko a kan jaki, su ratsa Barno da Cadi da Sudan, su yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago, har su kai tashar ruwa ta Sawakin, su haye Bahar Maliya su sauka Jidda. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗimbin jama'a sun yi hijira gabas. Mafi yawansu sun zauna a Sudan, wasu kuma sun ƙarasa ƙasa mai tsarki. Jikokinsu na nan har gobe, kuma da yawansu 'yan ƙasa ne masu laƙabin "Hausawi". A kan waɗannan aka ƙara da na baya-bayan nan, masu zuwa aiki, da masu zuwa Hajji ko Umara su koma.

Tafiyar da kakanni suka yi da ƙafa, yau jirgin ƙasa ke yin ƙarshenta. Daga Waziriyya, 'yan mintoci ne a mota zuwa tashar Sulaimaniyya, ɗaya daga cikin tashoshi biyar na jirgin Haramaini mai sauri, wanda ya fara jigilar fasinja a watan Oktoba na 2018. Layin ya kai kimanin kilomita 450 daga Makka zuwa Madina, jirgin kuma kan yi gudun kilomita 300 a cikin sa'a guda. Daga Jidda zuwa Makka, wajen rabin sa'a ne. Sai dai wannan jirgi ne na tsakanin birane. Jirgin cikin gari, wanda zai ɗauki leburan Waziriyya zuwa wurin aikinsa da safe ya dawo da shi da yamma, fiye da shekara goma ke nan ana maganarsa a Jidda, amma bai fara aiki ba tukuna. Riyad, babban birnin ƙasar, ita ta riga: a ranar 1 ga Disamba, 2024 aka buɗe wa jama'a layukan farko na jirginta, wanda ke da layi 6, da tasha 85, da tsawon kilomita 176.

Wannan jinkiri na Jidda yana da amfani guda. Ya ba mahukuntan birnin damar su duba abin da ya faru a wasu birane, su yanke shawara a kan wani ƙaramin abu da injiniyoyi kan bari sai ƙarshe, alhali shi ne ƙofar shiga jirgin baki ɗaya: na'urar sayar da tikiti da zuba kuɗi a kati. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, na'urar alheri ce kuma ya kamata a kafa ta, amma da sharaɗi uku. Ta karɓi tsabar kuɗi, ta yi magana da harshen masu amfani da ita, sannan a tsayar da mutum mai rai a gefenta.

Yadda take aiki

Na'urar wani dogon akwati ne na ƙarfe mai allo a gaba. Fasinja zai taɓa allon ya zaɓi harshe, ya zaɓi irin tikitin da yake so, ya biya da katin banki ko da takardar kuɗi, sai ta turo masa tikiti, ko kuma ta ƙara kuɗin a katinsa na shiga jirgi. Shi wannan kati ba shi da batir. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin ƙwaƙwalwar lantarki da siririyar waya da aka naɗe a gefe-gefe. Idan an kusantar da shi ga ƙofar shiga, ƙofar ce ke ba shi wutar da zai farka, su yi musayar bayani, a cire kuɗin tafiya, ƙofa ta buɗe. Duk wannan ba ya kai daƙiƙa ɗaya.

Hon Kon ce ta fara shahara da irin wannan kati, mai suna Octopus, a 1997. Tokiyo ta biyo baya da Suica a 2001, Landan da Oyster a 2003, Dubai da Nol a 2009. Legas ta fito da katin Cowry a 2020, kuma da shi ake shiga jirginta na cikin gari da ya fara aiki a watan Satumba na 2023. Na Riyad sunansa Darb.

Alherin da ke cikinta

Duk wanda ya taɓa neman tikitin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a shekarun farko bayan buɗe shi a 2016 ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan amfanin na'ura. A lokacin, fasinjoji sun sha kokawa cewa tikiti kan ƙare a taga tun da sassafe, sai kuma ga shi a hannun 'yan bumburutu a wajen tasha, a kan kuɗi ninki. Wannan kuka na cikin dalilan da suka sa aka soma sayar da tikitin ta intanet a watan Janairu na 2021. Na'ura ba ta da ɗan'uwa, ba ta da ubangida, ba ta ɓoye tikiti a aljihu. Kowane kwabo da ya shiga cikinta a rubuce yake.

Bugu da ƙari, ba ta gajiya, ba ta tafiya cin abinci, kuma ba ta duban launin fatar mutum ko tufafinsa kafin ta saurare shi. Baƙon da ya saba da tsawa a bakin taga ya san darajar wannan. Ga kuma sauri. Taga ɗaya mutum ɗaya take sallama a lokaci guda, amma ana iya jera na'ura goma a bango ɗaya. A tashar da dubban mutane ke ratsawa cikin sa'a, ba don na'ura da kati ba, da layin masu sayen tikiti ya fi jirgin tsawo. Hausawa sun ce zamani riga ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma zamanin yaron mota yana bin fasinja kujera-kujera yana karɓar kuɗi.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da hukuma ta ɗauka cewa tun da an kafa na'ura, an gama aiki.

Sharaɗin farko: tsabar kuɗi

Saudiyya na cikin ƙasashen da suka fi saurin barin tsabar kuɗi. Babban bankinta ya bayyana cewa a 2023, kashi 70 cikin ɗari na cinikin da ɗaiɗaikun mutane suka yi a ƙasar ta hanyar lantarki aka biya shi. Abin yabo ne. Amma kashi 70 na ciniki ba shi ne kashi 70 na mutane ba, domin mai hali kan yi ciniki goma a rana da katinsa, talaka kuwa ya yi ɗaya da takardar Riyal biyar da ta jiƙe da gumi. Kuma talakan nan shi ne ya fi bukatar jirgi, tun da mai hali yana da mota.

Kafin baƙon da ke zaune a Saudiyya ya buɗe asusun banki, sai ya nuna takardar izinin zama, wadda ake kira igama, kuma sai tana da sauran rai. Wanda igamarsa ta ƙare yana jiran ubangidansa ya sabunta, da tsohuwar da ɗanta ke riƙe mata komai, da yaron da aka aika, duk sukan wayi gari ba su da kati a hannu. Haka ma alhazai. Daga 2022 bankunan Nijeriya da dama sun dakatar da amfani da katin Naira a ƙasashen waje, sai a 2025 suka soma maido da shi. A shekarar 2025 ɗin ma, da aka so a riƙa ba maniyyatan Nijeriya kuɗin guzurinsu ta kati, sai da aka janye shawarar aka ba su tsaba, saboda da yawansu mutanen karkara ne da ba su saba da kati ba. Ƙasar da aka ware wa kujerun Hajji 95,000 a 2023 da 2024 ke nan. Na'urar da ba ta karɓar takardar kuɗi ta rufe wa irin waɗannan ƙofa tun kafin su ga jirgin.

Akwai kuma wani zalunci na ɓoye da ke cikin lissafi. A duba farashin da aka sanar lokacin buɗe jirgin Riyad: tikitin sa'a biyu Riyal 4, na kwana uku Riyal 20, na mako Riyal 40, na kwana talatin Riyal 140. Ma'aikacin da ke zuwa aiki ya dawo kwana 26 a wata, idan yana da Riyal 140 a dunƙule ranar farko, ya huta. Idan kuwa ɗan ƙwadago ne da ake biya kullum, zai riƙa sayen na Riyal 4 sau biyu a rana, ya tashi a kan Riyal 208. Wato wanda ya fi talauci ya fi biya da Riyal 68. Landan ta rage wannan ciwo tun 2005 da wata dabara mai sauƙi: katin yana ƙirga abin da mutum ya kashe a rana, da ya kai kuɗin tikitin yini sai ya daina cira. Tun da ƙwaƙwalwar lantarki ce ke lissafin, ba abin da zai hana a yi haka a kan mako ko wata.

Ya kamata kuma a tuna cewa kuɗin da ke cikin kati bashi ne fasinja ya ba hukuma, ba tare da ruwa ba. A Landan, ɗaruruwan miliyoyin fam sun taru a katunan Oyster da aka daina amfani da su. A birni irin Jidda, inda miliyoyin baƙi ke sauka su yi mako biyu su tafi, wajibi ne na'urar da ta karɓi kuɗi ta iya mayar da canjin da ya rage a ranar komawa gida.

Sharaɗi na biyu: harshe

Harsuna biyu da aka saba gani a allunan tashoshin Saudiyya su ne Larabci da Turanci. Wani zai ce ai Bahaushe Musulmi ya iya Larabci. A nan akwai kuskure. Dattijon da ya yi makarantar allo a Daura ko Maraɗi yana iya karanta baƙaƙen Larabci sumul, ya sauke Alƙur'ani, amma Larabcin ofis, mai maganar "tabbatar da ciniki" da "ragowar kuɗi" da "lokacin ƙarewar aiki", wani kogi ne daban. Yana ganin haruffan, yana furta su, ma'anar kuwa ta tsere masa. Wanda ya yi boko rabi da rabi ma haka yake fama da Turancin na'ura.

A ɗauki misalin wata dattijuwa da ta zo daga Katsina ganin jikokinta, tana so ta je Makka. Ta tsaya gaban allo, ta taɓa nan ta taɓa can. Kafin ta gama tunani, na'urar ta gaji da jira ta koma shafin farko. Mutane sun yi layi a bayanta. Ta saka takardar kuɗi, na'urar ta turo mata abarta saboda ta yamutse. Daga nan sai kunya ta kama ta, ta juya ta nemi wani matashi a layi ta ce, "Ɗana, don Allah taimaka mini." Idan ta yi sa'a, ya ce, "To, Hajiya, kawo in yi miki," ya sallame ta da mutunci. Idan ba ta yi sa'a ba, ta miƙa fasfo da kuɗi, ko ma lambar sirrin kati, ga wanda ba ta sani ba. Ɗan bumburutun da na'ura ta kora daga bakin taga ya dawo ta bayan gida, da sunan mai taimako.

Maganin wannan ba shi da tsada, kuma Saudiyya ta riga ta nuna ta iya. Cibiyar Sarki Fahad da ke Madina ta daɗe tana buga fassarar Alƙur'ani ta Hausa ta marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. A Hajjin 2020, Hausa na cikin harsuna goma da aka fassara huɗubar Arfa zuwa gare su. Ƙasar da ta iya fassara huɗuba kai tsaye ba za ta gaza fassara jimloli talatin na na'urar tikiti zuwa Hausa da Urdu da Bangali da Indunusiyanci ba. Kuma kada a tsaya ga rubutu. A sa murya, domin wanda bai iya karatu ba da makaho su ji abin da ake tambayarsu. A sa hoto da launi, yadda mai zuwa Makka zai gane maɓallinsa daga nesa. Fassarar ma a ba masu harshen su yi ta, su gwada ta a kan tsofaffinsu, domin Hausar da kwamfuta ta juya ba tare da an duba ba takan fi Larabcin wuyar ganewa.

Sharaɗi na uku: mutum

Babban abin da ke jan hankalin hukumomi ga na'ura shi ne rage albashi. Landan ta gwada. A 2015 aka rufe kusan dukkan tagogin sayar da tikiti na jirginta na ƙarƙashin ƙasa, da alkawarin cewa ma'aikata za su fito fili su riƙa taimaka wa jama'a a bakin na'ura. Amma an haɗa da rage yawansu, kuma bayan yajin aikin watan Janairu na 2017 sai da hukumar ta amince ta maido da ɗaruruwan guraben aiki a tashoshi. A 2023 aka sake yunƙurin rufe tagogi kusan dubu a tashoshin jirgin ƙasa na Ingila. Ra'ayoyi kimanin 750,000 jama'a suka aika, tsofaffi da naƙasassu na kan gaba wajen adawa, kuma a ƙarshen watan Oktoba gwamnati ta janye shirin. Wannan fa a ƙasar da kusan kowa ya yi makaranta, kuma na'urar da harshen uwarsa take magana. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Dalili kuwa a fili yake. Na'ura tana amsa tambayar da aka shirya mata ne kawai. Ba ta san abin da za ta ce wa wanda ta haɗiye wa Riyal 50 ba ta ba shi tikiti ba, ko wanda ya sayi na Madina alhali Makka za shi, ko uwar da ke son sanin ko goyonta zai biya. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in akwai wanda zai tambaya. Ba lallai ne a zaunar da ma'aikaci a bayan gilashi ba. Ya tsaya kusa da na'urorin da riga mai alama, ya koya wa mutum sau ɗaya, sau biyu, a na uku mutumin zai yi da kansa har ya koya wa wani. Jidda kuwa cike take da samari da 'yan mata da suka tashi da harshe biyu ko uku a baki, Larabci a titi, Hausa ko Urdu a gida. Aikin da ya dace da su ke nan.

Arewacin Nijeriya ma tana da darasin da za ta bayar. Na'urorin ATM ba su taɓa isar jama'a ba, sai ga masu POS sun cika kowace kusurwa da 'yar rumfa da lema. Mutane sun karɓe su hannu bibbiyu, duk da ladan da suke cira, saboda mutum ne ke ba ka kuɗin, ka san fuskarsa, in an sami matsala ka san inda za ka same shi gobe. In aka ba kantunan unguwa a Waziriyya izinin zuba kuɗi a katin jirgi, a kan farashin hukuma ba ƙari, tsohuwa za ta cika katinta a wurin da take sayen burodi, ta isa tasha ba tare da fargaba ba.

Amsa ga masu adawa

Masu kula da baitulmali za su ce duk wannan kashe kuɗi ne. Na'ura mai karɓar tsaba ta fi tsada, takan maƙale, sai an riƙa kwashe ta da mota mai gadi. Za su ƙara da cewa zamanin na'urar ma ya kusa wucewa, tun da a Riyad da Landan mutum na iya taɓa ƙofa da katin bankinsa ko wayarsa ya wuce. Gaskiya ne, kuma mai waya da asusu a bar shi ya wuce abinsa. Hakan ma rage layi ne. To amma idan masu hali suka daina tsayawa a bakin na'ura, waɗanda suka rage a gabanta su ne marasa banki, da baƙi, da tsofaffi. Ashe kenan don su ya kamata a ƙera ta tun farko. Game da tsada kuwa, wanda ya kashe biliyoyin Riyal wajen haƙa rami da shimfiɗa dogo, sannan ya yi ƙyashin albashin mutum biyu a bakin ƙofa, ya sayi doki ne ya kasa sayen linzami.

Wasu kuma za su kawo batun tsaro, su ce gara kowane tikiti ya kasance da sunan mai shi. A jirgin Haramaini, mai kujeru ƙididdigaggu da tafiya mai nisa, neman lambar fasfo ko katin shaida yana da hujja. Amma jirgin cikin gari ɗan'uwan bas ne. Bincikar takardun zama aikin hukumar shige da fice ne, kuma tana da hanyoyinta. Idan aka ɗora wa na'urar tikiti wannan aiki, mutane ba za su bar gari ba. Za su koma motocin haya na bayan fage, a ƙara cunkoso a titi, hukumar jirgi kuma ta rasa kuɗinsu.

Tun daga ƙarshen 2021 aka rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda, irin su Karantina da Sabil da Gulail, inda 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe da zama. Jama'a sun warwatsu, da yawa sun yi nisa da wuraren sana'arsu da danginsu. Saboda haka bukatar sufuri mai araha a kudancin birnin ta ƙaru, ba ta ragu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yanzu, kafin a sa hannu a kwangilar na'urori, shi ne lokacin da za a rubuta a cikinta cewa kowace tasha za ta sami na'ura mai karɓar tsaba da mayar da canji, mai magana da manyan harsunan mazauna birnin da alhazansa, da ma'aikaci a gefenta tun daga jirgin farko har na ƙarshe. Ranar da za a gwada na'urar, kada a kira injiniyan da ya ƙera ta. A je Waziriyya a ɗauko dattijuwa mai takardar Riyal goma a ƙulle a bakin mayafi, a tsayar da ita gaban allon, a ga ko za ta shiga jirgi.